Maganin rage zafin naƙuda: wanne ne ba ya cutar da jariri?

Amaryar Bara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata takwas, kuma na fari ne. A wajen awo an ce mana akwai magungunan rage zafin naƙuda, amma a tsaitsaye aka yi bayanin, ban samu damar tambaya ba. Tun daga nan duk wadda na tuntuɓa amsarta daban. Wata ta ce allurar baya tana gurgunta mace, wata ta ce allurar cinya tana sa jariri ya fito bai yi kuka ba, wata kuma ta ce babu abin da ke taɓa zafin naƙuda sai haihuwar kanta. Don Allah masu ilimi da waɗanda suka gwada ku warware mini. Tsorona biyu ne: ciwon, da kuma kada garin neman sauƙi in cuci ɗana.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sauke ki lafiya. Ni duk haihuwata ban san wata allura ba, kuma ga ni ga 'ya'yan. Naƙuda ba cuta ba ce da za a ce sai an sha mata magani. Ciwo ne mai zuwa ya lafa, a tsakani kina samun numfashi, kuma da zarar yaro ya faɗo kin manta. Abin da na lura shi ne tsoro ya fi ciwon wahalar da ku 'yan yanzu. Shawarata kada ki shigar da abin da ba dole ba a jikinki a ranar da rai biyu ke hannun Allah.

Maman Sadik:
Ni an yi mini ta cinya, fetidin suka ce sunanta. Gaskiya ba zan sake ba. Ciwon yana nan, sai dai kaina ya yi nauyi, ina jin maganar mutane kamar daga nesa, ga amai. Da yaron ya zo sai barci yake ta yi, kama nono ya zama aiki.

Sista Ungozoma:
Maman Sadik, abin da kika faɗa shi ne ainihin halin fetidin, ba ke kaɗai ba ce. Bari in yi wa Amarya bayaninta tunda ita aka fi samu a ɗakunan haihuwa da yawa.

Fetidin daga dangin mofin take, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi da ke sa barci. Ana yin ta a cinya ko a ɗuwawu, yawanci miligiram 50 zuwa 100, tana fara aiki bayan minti 20 zuwa 30, ta ɗauki awa 2 zuwa 4. Ba ta ɗauke ciwo gaba ɗaya. Tana rage kaifinsa, ta sa jiki ya saki, mace ta ɗan runtsa tsakanin murɗa da murɗa. Ga wadda ta kwana tana juyi ƙarfinta ya ƙare, wannan hutun ba ƙaramin abu ba ne. Saboda tashin zuciya, mukan haɗa ta da maganin hana amai.

Matsalarta ita ce tana ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Idan aka haihu cikin 'yan awannin da suka biyo bayan allurar, musamman awa 2 zuwa 3, jariri na iya fitowa da kasala, numfashinsa a sanyaye. Jikin jariri kuma ba ya fitar da ragowarta da sauri kamar na babba, tana iya kwana biyu ko uku a jikinsa, shi ya sa yake yawan barci ya ƙi kama nono. Don haka ungozoma mai hankali sai ta duba buɗewar bakin mahaifa kafin ta yi allurar. Idan ta ga haihuwa ta kusa za ta hana, kuma ba mugunta ba ce. Duk inda ake yin wannan allura dole a ajiye makarinta, nalokson, da kayan taimaka wa jariri numfashi. In babu waɗannan biyun, bai kamata a yi ta ba.

Haka fentazosin da taramadol na allura da wasu asibitoci ke amfani da su: dangi ɗaya ne, ƙa'ida ɗaya ce.

Amaryar Bara:
Na gode Sista. Wato maganar jariri ya fito bai yi kuka ba tana da tushe kenan.

Sista Ungozoma:
Tana da tushe, amma ta lokaci ce da kulawa. Allurar da aka yi da wuri, a wurin da ake sa ido, jariri kan zo lafiya lau.

Maman 'Yan Biyu:
Ni efidural, wato allurar baya, aka sa mini, kuma har gobe ina yi wa wanda ya sa mini addu'a. Ina jin cikin yana tamkewa amma babu zafi, har barci na yi. Ƙafafuna sun yi nauyi, an sa mini robar fitsari, ƙaiƙayi ya dame ni na ɗan lokaci. Bayan haihuwa da 'yan awanni na miƙe da ƙafata. Babu gurgunta ko ɗaya.

Maman Hanan:
Ke dai kin yi dace. Ni tun da aka yi mini allurar baya ban rabu da ciwon baya ba. Kada a yaudari yarinya.

Likitan Barci:
Assalamu alaikum. Ni aikina sa barcin tiyata da kashe zafi, kuma efidural na cikin abin da hannuna ya saba da shi, don haka bari in ɗan tsawaita.

Da farko yadda ake yi. Mace za ta zauna ta ranƙwafa, ko ta kwanta a gefe ta lanƙwashe baya. A wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kashe fatar da ƙaramar allura, sannan a shigar da wata allura tsakanin ƙasusuwa biyu na ƙasan baya, a zura siririyar roba ta cikinta, a zare allurar. Robar ce ke zama, manne da filasta. Ta nan ake tura maganin kashe jijiya irin bufibaken, mai rauni ƙwarai, haɗe da ɗan fentanil, wani maganin zafi na dangin mofin. Sakawar kan ɗauki minti 10 zuwa 20, sai kuma wasu minti 15 zuwa 20 kafin a ji daɗinsa sosai. Ana iya ci gaba da ƙarawa har a haihu.

A lura da abu ɗaya da ke kwantar da hankali: igiyar laka ta babban mutum tana ƙarewa ne a wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, mu kuma ƙasa da nan muke sakawa, kuma daga wajen rufin da ya lulluɓe jijiyoyin, ba a cikinsa ba. Lahanin jijiya na dindindin yana faruwa, ba zan ce babu ba, amma abu ne mai wuyar gaske, sai a yi wa mata dubbai masu yawa ba a ga ɗaya ba.

Abubuwan da suka fi faruwa su ne waɗannan. Jini na iya sauka a mintunan farko, shi ya sa ba a sakawa sai da ƙarin ruwa a hannu, ana auna jini akai-akai ana sauraron bugun zuciyar jariri. Ƙaiƙayi, rawar ɗari, ɗan zazzaɓi, da rashin jin fitsari duk suna faruwa kuma suna wucewa. Kusan mace 1 cikin 10 ba ya kama ta yadda ya kamata, ko ya kama gefe ɗaya, sai an gyara robar ko a sake sakawa. Kusan 1 cikin 100 kuma allurar kan huda wannan rufin, ruwan laka ya riƙa zurara, sai ta samu ciwon kai mai tsanani da ke tashi in ta zauna ya lafa in ta kwanta. Yana da magani: a ɗebi jininta kaɗan a zuba a wurin ya toshe hujin.

Game da jariri, a cikin duk magungunan nan masu ƙarfi efidural ne ya fi ƙarancin isa gare shi, domin maganin a gefen jijiya yake aiki, kaɗan ne ke shiga jinin uwa. Kuma binciken da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ta fitar a 2018 ya nuna bai ƙara yawan haihuwa ta tiyata ba. Yana ɗan tsawaita lokacin nishi, kamar minti 15 a matsakaici. A da, lokacin da ake amfani da magani mai kauri, ya kan ƙara buƙatar jawo jariri da na'ura. Da aka koma mai rauni wannan ya ragu sosai.

Maman Hanan, ban ƙaryata ciwonki ba, Allah ya ba ki lafiya. Wurin allurar kan yi tsami na 'yan kwanaki, wannan gaskiya ne. Amma da aka kwatanta matan da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, bayan watanni, ciwon baya daidai yake a ɓangarorin biyu. Ciki da kansa yana sassauta gaɓoɓin ƙugu ya ja baya gaba, sannan ga ɗaukar jariri da sunkuyon shayarwa. Abin da nake ji miki shi ne kada ki ɗora wa allurar laifi ki zauna, alhali ciwon na iya zama irin wanda gashin ƙashi da motsa jiki ke gyarawa. Ki je a duba ki.

Maman Hanan:
To Likita, ni dai a daidai wurin nake jin sa. Amma zan je a duba, na gode da ba ka ce ƙarya nake ba.

Hajiya Babba:
Likita, ka yi bayani mai kyau, amma ka duba abin da ka lissafa da bakinka: ƙarin ruwa, robar fitsari, roba a baya, na'ura a ciki, saukar jini, ciwon kai. Mace lafiyayya ta shigo da ƙafarta, an mayar da ita majinyaciya a kan gado. Duk don gudun ciwon yini ɗaya? Ni abin nan ne ban gane ba.

Likitan Barci:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma ba na ce kowace mace ta yi ba. Mata da yawa ba sa buƙata, wasu ma ba sa so, kuma zaɓinsu abin girmamawa ne. Inda na saba da ke shi ne ɗaukar cewa naƙuda iri ɗaya ce. Haihuwar fari ta fi tsawo. Jaririn da ya juyo da ƙeyarsa wajen bayan uwa yana sa ciwon baya wanda ba ya lafawa ko a tsakanin murɗa. Naƙudar da aka tayar da magani takan fi zafi. Wadda ta haihu cikin awa 5 da wadda ta kwana biyu ba abu ɗaya suka gani ba. Na ga matan da azaba ta kai su inda ba sa jin maganar ungozoma, ba sa iya tsayawa a duba su, kuma bayan shekaru suna tsoron sake ɗaukar ciki. Ga mai ciwon zuciya ko hawan jinin ciki kuwa, kashe zafin wani ɓangare ne na maganinta, domin zafi yana ƙara wa zuciya aiki ya ɗaga jini.

Sista Ungozoma:
Ni a nan ina tsakiya, kuma rabin maganar Hajiya nake goyon baya. Abin da ke ba ni haushi shi ne a tsallake abubuwan da ba su da illa ko kaɗan a tafi kai tsaye ga allura, ko kuma a hana mace duka biyun.

A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 kan kula da mai naƙuda, ta amince da efidural ga lafiyayyar mace da ta nema, ta amince da allurai irin fetidin da fentanil, amma a wuri guda ta sa dabarun numfashi da sassauta jiki, da tausa, da ɗumama baya da tsumma mai ɗumi, da barin mace ta yi tafiya ta zaɓi yadda za ta tsaya ko ta durƙusa, da barinta ta sha ruwa ta ɗan ci abu idan babu wata matsala. Sai babbansu a wurina: a bar mata mutum ɗaya da ta zaɓa ya zauna da ita har ƙarshe. An yi bincike a kan mata dubbai, an ga waɗanda ke da mai tsaya musu ba su cika neman magani ba, naƙudarsu ta fi gajarta, kuma tiyata ta ragu a cikinsu. Hannun da ke danna miki ƙugu lokacin da ciwo ya taso, da muryar da kika sani tana ce miki ja numfashi, suna aiki fiye da yadda mutane ke zato.

Kwanciya rigingine ita ce mafi muni, tana ƙara zafi kuma nauyin mahaifa na danne manyan jijiyoyin jini. Ki kwanta a gefe, ko ki durƙusa ki dafa gado, ko ki jingina a tsaye kina kaɗa ƙugu. Ruwan ɗumi ma yana taimakawa ƙwarai, a zuba a baya ko a zauna a ciki in akwai wurin. Sai dai wadda aka yi wa fetidin ba ta shiga ruwa sai bayan awa 2 kuma ta wartsake.

Hajiya Babba:
Yauwa Sista, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A bar mace ita kaɗai a ɗaki tana kallon bango, ai ko ƙaramin ciwo ne sai ya zama babba. Allura dai har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, amma ba zan zargi wadda ta nema ba.

Maman Ilham:
Ba wanda ya ambaci iskar shaƙa. Ni ita na yi amfani da ita kuma ta ishe ni.

Sista Ungozoma:
Ƙwarai, Entonox. Haɗin iskar naitiros da iskar oksijin ne rabi da rabi. Ke kike riƙe da abin shaƙar da hannunki, kuma kada kowa ya riƙe miki, domin idan ta fara yi miki yawa hannunki zai saki da kansa. Sirrinta lokaci: ki fara ja tun da kika ji cikin ya soma tamkewa, don tana ɗaukar kusan rabin minti zuwa minti ɗaya kafin ta kama. Wadda ta jira ciwo ya kai ƙololuwa sai ta ce ba ta aiki. Tana sa jiri da bushewar baki, wasu tashin zuciya, amma da kin ajiye, cikin 'yan mintuna ta fita daga jiki, kuma ba a san ta da danne numfashin jariri ba. Ba ta kai efidural ƙarfi ba ko kusa. Ba kowane asibiti ke da ita ba.

Abban Nana:
Salam. Ku yi haƙuri da shigowar namiji cikin maganar. Maiɗakina ta kusa, kuma asibiti da ɗan nisa. Idan ciwo ya fara da dare, akwai abin da zan iya saya in ajiye in ba ta kafin mu isa? Ina tunanin daikulofinak ko ibufurofen, ko taramadol in ya yi tsanani.

Likitan Barci:
Malam, Allah ya saka da wannan tambaya, ta fi duk sauran muhimmanci. Ukun nan da ka ambata kada ka ba ta ko ɗaya.

Ibufurofen da daikulofinak da danginsu ba na mai tsohon ciki ba ne. Akwai wata 'yar jijiya a kusa da zuciyar jariri da dole ta zauna a buɗe har a haife shi, waɗannan magunguna na iya rufe ta tun yana ciki. Suna kuma taɓa ƙodarsa har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje su tun daga mako na 20. Wannan bai shafi ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa mai haɗarin hawan jinin ciki ba, shi daban ne, a bi yadda aka rubuta. Taramadol kuwa yana isa ga jariri ya danne masa numfashi, kuma a gida ko a mota ba ka da abin ceto.

Abin da za ta iya sha shi ne farasitamol, giram 1, ba kusa da awa 6 ba tsakani, kada ya wuce giram 4 a yini da kwana. Ba zai yi wani abin kirki ga naƙuda mai ƙarfi ba, amma yana ɗan taimakawa a farko. Ka fi amfani idan ka tanadi abin hawa, ka dafa mata baya, ka kai ta da wuri.

Sannan ka san ciwon da ba a jira da shi: ciwon da ba ya lafawa ko kaɗan kuma cikin ya yi tauri kamar dutse, zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, ruwa ya fashe ya fito kore, ko jariri ya rage motsi. Waɗannan ba na maganin zafi ba ne, na gaggawa ne.

Abban Nana:
Na gode Likita. Na fahimta.

Maman Sadik:
To ita allurar naƙuda da ake sawa a cikin ƙarin ruwa fa? Wata ta ce mini tana rage wahala don tana sa a haihu da wuri.

Sista Ungozoma:
Wannan ruɗani ya kashe mata da jarirai, don Allah a yaɗa. Wannan allurar sunanta oksitosin, kuma ba maganin zafi ba ce. Aikinta ta ƙara wa mahaifa ƙarfin matsawa, wato ciwo ƙaruwa yake yi. A asibiti ɗigo-ɗigo ake ba da ita, ana ƙirga murɗa ana sauraron zuciyar jariri, kuma sai an tabbatar hanya za ta wuce da shi. Idan aka danna wa mace ita a cinya kafin jariri ya fito, ko aka ba ta ƙwayar tayar da naƙuda ta misofurostol ba bisa ƙa'ida ba, mahaifa na iya matsewa ba sassauci har jariri ya rasa iska, ko ta fashe, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyata ko ta haihu da yawa. Haka duk wani jiƙo ko haɗi da aka ce yana kawo haihuwa da sauri: ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki. Bayan jariri ya fito kuwa, oksitosin ce ke tsayar da zubar jini, a nan alheri ce.

Maman Nur:
Ina da sikila, cikina wata shida. Ni wanne ya dace da ni?

Likitan Barci:
'Yar uwa, ke kina cikin waɗanda nake so su ga likitan barci tun kafin ranar, ba sai naƙuda ta kama ba. Fetidin ana guje mata ga masu sikila, domin ragowarta na taruwa a jiki ta jawo jijjiga. Efidural kuwa ya dace da ke idan gwajin jininki ya ba da dama, don zafi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki duk suna iya tayar da ciwonki. Za a kula da ɗuminki, da ruwa, da iskar oksijin.

Tambaya ɗaya: an sa ki a allurar tsinka jini irin Clexane? Idan eh, ki faɗa da bakinki da kin isa, da lokacin da kika yi ta ƙarshe. Ba a taɓa baya sai an yi awa 12 bayan ƙaramin awo na rigakafi, ko awa 24 bayan babban awo na magani, saboda kada jini ya taru ya danne jijiya. Da kin ji alamar naƙuda kada ki yi ta gaba sai kin tambaya.

Tunda an zo nan, sauran waɗanda ba a yi wa allurar baya: wadda ƙwayoyin daskarar da jininta suka yi ƙasa sosai, abin da ke faruwa ga wasu masu hawan jinin ciki, da mai ƙurji ko miki a daidai wurin, da mai cuta a jini da zazzaɓi mai zafi da ba a fara magani ba, da wadda ke zubar da jini da yawa. Wadda aka taɓa yi wa aiki a ƙashin baya ko bayanta ya karkace, ba a hana ta kai tsaye ba, amma a gan ta tun da wuri.

Maman Nur:
Ana yi mini Clexane kullum. Zan nemi a haɗa ni da likitan barci a awo na gaba insha Allah.

Maman Walid:
Ni abin da ya tsaya mini a rai ba naƙudar ba ce. An yi mini ƙari, aka ɗinke ni ba a kashe wurin ba. Ina ihu ana ce mini in yi shiru saura kaɗan. Wallahi har yau in na tuna jikina rawa yake.

Sista Ungozoma:
Innalillahi. Maman Walid, an zalunce ki, kuma a matsayina na ungozoma abin ya yi mini ciwo. Babu wani uzuri. Lidoken allurar kashe zafin wurin ce da ya kamata a samu a kowane ɗakin haihuwa, ana yin ta kafin ƙari da kafin ɗinki, a jira 'yan mintuna, a taɓa wurin a tambaye ki ko kina ji. In kina ji a ƙara. Ba ta hana shayarwa. Maganar wai wurin ya riga ya mutu saboda haihuwa ba gaskiya ba ce. Kowace mace tana da haƙƙin cewa a dakata a kashe wurin tukuna, kuma wannan na cikin amfanin mai rakiya, don ita ce za ta yi magana lokacin da ke ba ki da ƙarfi. Idan abin yana hana ki barci ko yana sa ki tsoron kusantar asibiti, ki faɗa wa likita, akwai taimako a kan wannan ma.

Amaryar Bara:
Allah sarki Maman Walid, Allah ya saka miki. Likita, in ƙara biyu. An ce sai bakin mahaifa ya kai santimita 4 ake sa efidural, in ya wuce 7 kuma an makara. Sannan idan abu ya juye aka ce tiyata, za a sa ni barci ne?

Likitan Barci:
Dokar santimita 4 tsohuwa ce. An gwada sakawa da wuri da sakawa a makare, ba a ga bambanci a yawan tiyata ba. Idan naƙuda ta kankama kuma kin nema, ya isa dalili. Makara kuma ba lamba ba ce: muddin za ki iya zama shiru na 'yan mintuna kuma kan jariri bai riga ya sauko ba, ana iya yi. Abin da ke sa a makara a zahiri shi ne jiran likitan ya samu sarari, don haka kada ki bari sai kin kai maƙura.

Tiyata kuwa, yawanci ba barci ake sawa ba. Idan robar efidural na nan tana aiki, sai a tura magani mai ƙarfi ta ciki. In babu, sai a yi ɗayar allurar bayan, wadda ake yi sau ɗaya da siririyar allura har cikin ruwan laka. Tana kamawa cikin 'yan mintuna, daga ƙirji zuwa ƙafa, ta ɗauki awa 2 zuwa 3. Idonki biyu, za ki ji ana taɓawa ana ja, amma ba zafi, ki ji kukan ɗanki. Kafin a fara sai an gwada an tabbatar ta kama, kuma in kin ji zafi a tsakiya ki faɗa nan take, akwai abin yi. Mun fi son ta a kan cikakken barci domin mai ciki tana da haɗarin abin da ke cikinta ya taso ya shiga huhu, sa mata bututun numfashi ya fi wuya, kuma maganin barcin na isa ga jariri. Cikakken barci sai in gaggawar ta yi yawa ko akwai abin da ya hana taɓa baya.

A awonki na gaba ki tambaye su kai tsaye: wanne suke da shi, akwai mai sa efidural da dare da ranakun hutu ko sai da rana, kuma suna barin mai rakiya ta shiga? Amsar waɗannan ce za ta nuna miki zaɓin da ke gabanki da gaske. Efidural a wurin da babu mai auna jini akai-akai ban ba da shawararsa ba.

Maman 'Yan Biyu:
A ƙara mana da na bayan haihuwa. Ni ciwon mara lokacin shayarwa ya ba ni mamaki, ban san da shi ba.

Sista Ungozoma:
Mahaifa ce ke komawa mazauninta, tsotson jariri na sa ta matsa, kuma ya fi tsanani daga haihuwa ta biyu zuwa sama. Yana lafawa cikin 'yan kwanaki. A nan ibufurofen da aka hana mai ciki ya halatta, shi da farasitamol, duka sun dace da mai shayarwa, sai dai mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jinin da bai sauka ba, ko wadda ta zubar da jini da yawa ta tambayi likita kafin ibufurofen. Kodin da taramadol ne ba a so ga mai shayarwa. Jikin wasu mata na sarrafa su da sauri fiye da kima, maganin ya yi yawa a nono, jariri ya yi ta barci har numfashinsa ya yi rauni, kuma ba a gane wace ce haka da ido. A duba takardar maganin tari da na ciwo kafin a sha, don wasu da kodin a ciki. Idan ciwon marar ya zo da zazzaɓi, ko jini mai wari, ko jinin ya ƙaru maimakon ya ragu, a koma asibiti ranar.